Mun Binne Auta da Ransa

Mun karɓi gaisuwar mutuwar ƙanenmu alhali yana raye, yana cin abincin gidan yari. Abin da muka yi ke nan. Na ce "mun" saboda ni ma na zauna a kan tabarmar, mutane suna cewa "ya haƙuri", ina amsawa da bakina.

Ni mai walda ne, Ƙarfe ake ce mini. Aji huɗu na yi na gudu daga makaranta, don haka kada wani ya nemi daɗin baki a wurina. Mu uku Inna ta haifa: Babban Yaya mai shagon siminti da kwanon rufi, sai ni, sai Auta.

Auta ya kashe mutum. Ba zan yi wa maganar kwaskwarima ba. Faɗa ya haɗa shi da wani direba a tasha, ya ɗauki ƙarfen kwance taya ya maka masa a ka, mutumin bai kai asibiti ba. Shi ma ɗan wani ne, kuma uban wasu. Alƙali ya yanke wa Auta hukuncin kisa. A makon nan Yaya ya tara mu ya ce tunda an yanke, mu ɗauka an zartar. Muka tashi daga unguwar, muka koma can wani gefen gari inda ba wanda ya san mu, muka ce ɗan'uwanmu ya rasu a haɗarin mota. Matar Auta ta kama gabanta, ta bar 'yarsu Gimbiya mai shekara biyu a hannun Yaya. Yarinya ta tashi tana ce wa Yaya Baba, tana ce mini Baffa, tana yi wa mahaifinta addu'ar samun rahama.

Sai dai gwamnati ba ta rataye shi ba. Aka mayar da hukuncin ɗaurin rai da rai, bayan shekara ashirin da biyu kuma aka ce ya gyaru, aka buɗe masa ƙofa. Ni na je na ɗauko shi, don ni kaɗai nake leƙa shi, shi ma sau ɗaya a shekara, a ɓoye kamar mai zuwa sata. Ya fito da leda ɗaya. A ciki akwai riga biyu, da takardar sallama, da takardar shaidar ya koyi aikin kafinta. Haƙoransa na gaba sun zube, kansa ya yi fari fat. Ni da na girme shi da shekara biyar, sai na koma kamar ƙanensa.

Ban kai shi gida ba, shagon Yaya na kai shi. Yaya ya shigar da mu ɗakin baya, ya rufe ƙofa. Bai miƙa masa hannu ba.

"Ka fito," in ji shi.

"Na fito, Yaya."

"To, ka saurara. A wurin jama'a kai matacce ne. Ba zan tashi yau in ce wa duniya shekara ashirin ina ƙarya ba. In kana son zama a gidana, akwai ɗakin ajiya kusa da tankin ruwa. Kai kafinta ne da na ɗauko ka gyara mini gida. Yarinya ba za ta sani ba."

Na ce, "Yaya, wace irin magana ce wannan? Mutum ya gama zaman hukuncinsa."

"Ya gama? Wanda ya kashe ya tashi ne? In da gaskiya ake bi, wanda ya kashe kashe shi ake yi. Gwamnati ce ta yi sakaci da aikinta."

"To kai ne za ka ƙarasa mata?"

"Ƙarfe, ka iya bakinka. Kai da ɗaki ɗaya da 'ya'ya biyar, ina za ka ajiye shi? A ƙarƙashin injin walda?"

Nan ya kama ni, don gaskiya ce. Na juya wurin Auta ina jiran ya yi gardama. Kansa na ƙasa, hannayensa a baya kamar mai jiran a kira lambarsa. Tambaya ɗaya ya yi.

"Zan riƙa ganinta?"

"Daga nesa."

"Na yarda."

Da muka shiga gida, Inna ta kira shi ɗakinta ta tura ƙofa. Ta shafa fuskarsa da hannu biyu, ta yi kuka har muryarta ta dusashe. Na ce a raina yau gaskiya za ta fito. Sai ta share hawaye ta ce, "Ka yi haƙuri, ɗan nan, ka bi maganar yayanka. Shi ya riƙe gidan nan." Daga ranar, in da mutane a tsakar gida, Kafinta take ce masa, ita da ta goya shi.

Ɗakin da aka ba shi taku huɗu ne a tsaye, uku a kwance. Ba taga, sai wani rami a sama da aka toshe da kwali. Ya ce mini ya fi na can faɗi. Aka ware masa kwano da kofi na roba, matar Yaya ta ɗiga musu jan fenti don kada su haɗu da na gida. Ta kwashe wuƙaƙen kicin ta kulle a kabad, makulli a bakin zani. Na ce mata, "Anti, mutumin da kuka ba zarto da guduma da kurfi, wuƙar yanka albasa kike ɓoye masa?" Ta ce in fita mata daga kicin.

Ya yi aiki kamar jaki. Ya gyara ƙofofi, ya sake silin falo, ya yi wa Inna kujera mai jingina wadda har yau a kai take zama. Amma gidan yari bai fita daga jikinsa ba. In aka buɗe ƙofa da ƙarfi sai ya miƙe tsaye zumbur. Yana cin abinci yana kallon bango, hannu ɗaya ya kare kwanon. Sai da ya yi wata guda kafin ya daina neman izinin shiga banɗaki. Yaran Yaya suka mayar da shi abin dariya, su buga ƙofa da gangan don su ga ya zabura.

Gimbiya ce kaɗai ba ta dariya. A lokacin tana ƙarasa karatun aikin jinya. In ta dawo ta gan shi a gindin tanki yana goge katako, sai ta tsaya.

"Sannu da aiki, Baba Kafinta."

"Yauwa, 'yata. Ya karatu?"

Kowane dattijo yana ce wa yarinya 'yata, ba wanda zai zargi komai. Amma ni na ga yadda yake bin ta da ido har sai ta shige ciki. Wata rana ta tambaye shi ko yana da iyali. Ya ce yana da 'ya ɗaya. Ta ce ina take? Ya ce tana nan lafiya, a hannun mutanen kirki. Ta ce, "To ai ya kamata ta riƙa zuwa tana duba ka." Ya ce, "Tana ƙoƙari."

Ranar na tare Yaya a ƙofar shago.

"Yaushe za a faɗa mata?"

"Bari ta gama jarrabawa. Kana so ta faɗi?"

Ta gama jarrabawa. Na koma.

"Bari ta sami aiki. Wa zai ɗauki 'yar mai kisan kai ya ba ta marasa lafiya?"

Ta sami aiki a babban asibitin da ke kusa da mu, a ɗakin da ake karɓar masu rauni. Na sake komawa.

"Bari ta yi aure tukuna. In ta shiga ɗakinta, sai a san yadda za a yi."

"In ta yi aure kuma ka ce bari ta haihu. In ta haihu ka ce bari ta yaye. Yaya, alƙali ma da ya yanke hukunci ya faɗi iyakarsa. Naka ba shi da ranar ƙarewa?"

"Kai ba ka da hankali. Ni na ciyar da ita, ni na kai ta makaranta. Shi me ya ba ta ban da abin kunya? Mai hali ba ya fasa halinsa. Hannun da ya kashe sau ɗaya zai iya sakewa."

"Shekara ashirin da biyu yana cikin 'yan fashi da mahaukata bai mari kowa ba. Masu tsaronsa ne suka rubuta haka, ba ni ba."

"Takarda ce. Takarda ba ta wanke jini."

Ba zan ɓoye ba, da can ni ma ra'ayina ke nan. Ina cewa wanda ya kashe a kashe shi, kowa ya huta. Har yanzu ban ce wanda aka kashe wa uba ba shi da hakkin ya ji haka ba. Amma Yaya ba don direban nan yake yi ba. Bai taɓa tambayar ina marayun mutumin suke ba, ko sunansa ba ya tunawa. Sunansa na kansa yake karewa, da gaisuwar da ake yi masa a layi. Auta shi ne yake tuna mutumin. Ya taɓa ce mini, "Yaya Ƙarfe, shekara tara ina jin takalmin masu gadi da safe ina cewa yau ni za a kira. Ban ce an zalunce ni ba, na san abin da na yi. Amma a can ko ba komai ana kiran sunana."

Shekara ɗaya da wata bakwai yana gidan, sai Yaya ya sa shi sauke tsohon rufin bayan gida. Ya sauko daga tsani ya taka ƙusa mai tsatsa, ta huda silifas ta shige tafin ƙafarsa ta dama. Ya zare ta da filaya, ya ɗaure da tsumma, ya ci gaba da aiki. Ashe yana da ciwon suga, ba wanda ya sani, har shi. Kwana biyar ƙafa ta kumbura. Gimbiya ta gan shi yana ɗingishi.

"Baba Kafinta, me ya sami ƙafar? Kwance in gani."

Matar Yaya ta fito da gudu daga kicin. "Ke, bar shi! Babanki ya ce zai kai shi kemis."

"Anti, wannan ba ciwon kemis ba ne. Ya zo wurinmu gobe da safe, ni zan yanka masa kati."

Kati. Kalmar da ta tayar wa Yaya hankali ke nan. A asibitin ba a yanka kati sai da takardar shaida, kuma takarda ɗaya Auta yake da ita a duniya, ta sallama daga gidan yari. Sunansa cikakke yana kai, sunan da Gimbiya take rubutawa a bayan nata tun tana aji ɗaya. Washegari kafin ta tashi shirin aiki, Yaya ya sa shi a motar kaya ya kai shi sito, inda yake tara siminti. Aka ce wa Gimbiya Kafinta ya tafi wurin danginsa jinya. Ni kuma abin da aka faɗa mini da farko shi ne wai an kai shi wani asibiti a bayan gari, kada in damu.

Kwana goma sha ɗaya ina bin su da tambaya. Wane asibiti? Wane ɗaki? Yaya ya ce in bari ya warware. Inna ta ce in daina tone-tone. Sai direban motar kayan ya zo wurina gyaran ƙofar mota, ya ce, "Ƙarfe, wannan tsohon da ke sito, ba za ku kai shi wurin likita ba? Wallahi ba a iya tsayawa kusa da shi."

Na ajiye abin walda ko kashe injin ban yi ba.

Wari ne ya tare ni tun daga ƙofa. Yana kwance a kan buhunan siminti da aka shimfiɗa wa kwali, ƙura ta yi masa fari a gira da gemu. Gefensa ledar ƙwayoyin kemis da robar ruwa. Ƙafar ta yi baƙi har sama da idon sawu, ƙudaje sun rufe tsumman. Jikinsa zafi kamar ƙarfen da na gama ƙonawa. Da ya ji an buɗe ƙofa ya yunƙura zai miƙe tsaye, ya kasa.

"Kwanta, ni ne."

"Yaya Ƙarfe. Kada ka yi faɗa. Mai kemis yana zuwa yana mini allura."

"Tashi mu tafi."

"Yaya ya ce in na je, za ta ga takardar."

"Ta gani mana! Ranar wanka ba a ɓoyon cibi."

Ina cikin ɗaga shi Yaya ya shigo, an riga an kai masa labari. Ya tsaya a bakin ƙofa ya buɗe hannuwa.

"Ina za ka kai shi?"

"Inda ake kai mutane."

"Akwai wani asibiti mai nisa, gobe zan shirya mota."

"Gobenka ta kai kwana goma sha ɗaya. Matsa."

"Ƙarfe, in ka fita da shi ka rusa gidan nan. Za ka kashe Inna da baƙin ciki. Ba ni ba kai har abada."

"Gidan da sai an ruɓar da mutum a sito zai tsaya, gara ya rushe. Ka ce a kashe wanda ya kashe. To ga shi nan kana kashewa a hankali, kai wa zai yanke maka naka? Ko don ba ka ɗauki ƙarfe ba? Ka matsa, Yaya. Ban taɓa ɗaga maka hannu ba, kada ka sa in fara yau."

Ya dube ni, ya ga ba wasa a idona. Ya matsa.

Na goya Auta a baya. Mutum mai shekara arba'in da bakwai, nauyinsa bai kai buhun siminti ba. Na tare mota a titi, direban ya sauke gilasai duka saboda wari, amma bai ce mu sauka ba, Allah ya saka masa.

A teburin yankan kati akwai layi. Ban bi ba. Na ajiye shi a benci, na zaro takardar daga aljihunsa na dangwara a gaban malamin. Gimbiya tana tsaye a bayan teburin da fararen kaya, tana duba wani fayil. Ta ɗago.

"Baffa? Lafiya? Kai, Baba Kafinta ne! Ba an ce ya tafi wurin danginsa ba?"

"A wurin danginsa yake tun farko."

Malamin kati ya ce, "Sunan mara lafiya?"

Na faɗi sunan da ƙarfi, nasa da na ubanmu, yadda duk wanda ke kan benci sai da ya juyo. Gimbiya ta tsaya cak. Ta ɗauki takardar ta karanta, ta kai ƙasa, ta sake komawa sama. Ta dubi hatimin gidan yari. Ta dubi mutumin da ke kan benci. Shi kuwa ya rufe fuska da hannu biyu.

"Baffa, wannan sunan babana ne."

"Shi ne."

"Babana ya rasu."

"Ƙarya muka yi miki. Ni da Yaya da Inna. Ga shi nan. Ya kashe mutum kina shekara biyu, ya yi zaman hukuncinsa, an sake shi. Sauran bayani daga baya, yanzu ƙafarsa."

Na zaci za ta faɗi, ko ta yi ihu. Ba ta yi ba. Ta ajiye takardar, ta jawo keken marasa lafiya da kanta, ta durƙusa ta kwance tsumman. Abokan aikinta suka kau da kai, ita ba ta kau ba. Sai da aka shige da shi ta dawo ta tsaya a gabana.

"Kullum ina wuce shi a gindin tanki. Kana gani."

"Ina gani."

"Kwanonsa da jan fenti. Ni nake miƙa masa."

"Na sani."

"Shekara ɗaya da rabi kana gani, sai yau bakinka ya buɗe?"

Gaskiyarta ce. Duk faɗan da na yi da Yaya, a bayan ƙofa na yi shi. Gidan da take kwana na sani, hanyar asibitin na sani, ba abin da ya hana ni faɗa mata tun ranar farko sai tsoron a ce ni na fasa ƙwai.

Bayan awa biyu likita ya fito. Yaya ya iso a lokacin, yana ta share gumi da hula. Likitan ya ce da an kawo shi a makon farko, wanki da allura sun isa. Yanzu ruɓar ta hau, in ba a yanke daga ƙasan gwiwa a yau ba, ba zai kai jibi ba. Ya ce zazzaɓi ya ɗauke hankalin mara lafiya, sai wani nasa na kusa ya sa hannu.

Yaya ya matso ya miƙa hannu. "Kawo, ni ne babba a gidan."

Gimbiya ta riga shi ɗaukar biron.

"Gimbiya, 'yata, ki saurare ni. Don ke na yi."

Ba ta ko dube shi ba. Likita ya ce, "Sista, ke me kike a wurinsa?"

"'Yarsa ce."

Ta rubuta sunanta, ta rubuta nasa a baya.

Masu cewa a rataye da masu cewa a gyara, ku ci gaba da musunku a rediyo, ni ba malami ba ne. Abin da na gani da idona shi zan faɗa. Hukuma ta riƙe mai kisan kai shekara ashirin da biyu, ta koya masa sana'a, ta sake shi a kan ƙafafunsa biyu. Mu 'yan'uwansa, da ba mu taɓa kashe kowa ba, ko shekara biyu bai cika a hannunmu ba.

Auta ya rayu. Gimbiya ta kama haya ta ɗauke shi, ba ta sake taka gidan Yaya ba. Inna ba ta amsa gaisuwata. Ni kuma in na je duba shi, Gimbiya tana buɗe mini ƙofa, ta kawo mini ruwa, amma ba ta sake ce mini Baffa ba.

Shekara ashirin da huɗu yarinyar nan tana jiran uba. Ranar da muka ba ta shi, aikin farko da ta yi a matsayin 'yarsa shi ne sa hannu a yanke masa ƙafa.